Gafiya a Gindin Katanga, Kare a Tsakar Gida

Jama'a masu sauraro, ga mu cikin shirinmu na lafiyar gida da unguwa. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Fagge da Sabon Gari, tun daga Wapa da Kantin Kwari har zuwa France Road da 'Yankura, domin zancen yau nasu ne kafin ya zama na kowa, ko da yake duk mai rami a gindin katanga, a kowace unguwa yake, yana da rabo a cikinsa.

Batunmu gafiya da ɓera. Yaya mutum zai raba gidansa da su ba tare da ya halaka karen da ke yi masa gadi ba, ko na maƙwabcinsa, ko kyanwa, ko kaji, balle kuma, Allah ya tsare, yaron da ke rarrafe a tsakar gida? Za mu fara da sanin abokin gabar. Sa'an nan mu shiga mas'alar guba, inda zan ɗan daɗe, domin a nan ɓarnar take. Bayan haka mu zo ga dabarun da ba su da illa, kana mu faɗi abin da za a yi idan kare ya riga ya ci abin da aka ajiye wa ɓera. Magana ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu, za ku kuma ji ina maimaita ta: guba ba ta zaɓen baki.

To, kashi na farko. Da wa muke faɗa, me kuma ya kawo shi?

Duk wanda ya san tarihin waɗannan unguwanni ba zai yi mamakin yawan ɓerayensu ba. Fagge asalinta zango ne a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka filayen Sabon Gari wajen 1913 saboda baƙin da suka biyo shi daga kudu, sai wurin ya zama mahaɗar fatauci wadda har yau ba ta huta ba. Ga kasuwar Sabon Gari, ga Singa da sito-sitonta cike da shinkafa da fulawa da sukari, ga mahauta, ga masu abincin sayarwa a kowace kwana, ga kuma Jakara da kwarin Gogau da lambatun da ke zuba cikinsu, waɗanda suka zame wa ɓera hanya da mashaya da maɓoya gaba ɗaya. Inda waɗannan suka taru, ɓera ba ya jiran gayyata. Hausawa sun gama magana da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dabbobi uku ne muke haɗawa a ƙiyayya ɗaya, alhali kuwa halinsu ya bambanta. Ɓera kowa ya san shi, abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne saurin haihuwarsa. Cikin macen mako 3 ne kacal, takan zuba 'ya'ya 6 zuwa 10 a haihuwa guda, su kuma cikin wata 3 sun isa su haifi nasu. Saboda haka wanda ya kashe goma yau, ya bar buhun masara a buɗe, bai yi komai ba face rage wa sauran abokan cin abinci.

Gafiya ita ce babbar. Takan kai kilo 1 ko fiye, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne, da dare take fita, kuma ita ce ma'abuciyar ramin nan da kuke gani a gindin katanga da tarin ƙasa a bakinsa. Ramin nata ba ƙofa ɗaya gare shi ba, a ciki kuma akwai wurin kwana, akwai rumbu. Allah ya yi mata zabira biyu a kumatu, inda take cusa abinci ta kai gida, abin da ya sa ake mata kirari da gafiya tsira da na bakinki. Ku riƙe wannan hali nata, domin za mu dawo kansa. Ga ta da hanci mai ban al'ajabi: a garin Morogoro na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da 'yan'uwan gafiyarmu su shinshino nakiyar da aka binne lokacin yaƙi, su kuma gano tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Dabbar da hancinta ke gano nakiya a ƙarƙashin ƙasa, ba ka ɓoye mata ƙuli-ƙuli a leda.

Ta uku ita ce jaba, mai dogon baki da tsiwa da wari. Wannan kam an zalunce ta. Jaba ba ta cin hatsi, ba ta huda buhu; kyankyasai da gyare da tsutsa ne abincinta, kuma ganinta a ɗaki alama ce cewa ƙwari sun yi yawa. A Turai da Amurka tana da wata 'yar'uwa da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, tana tona ciyawar da suke ƙawata gidajensu da ita, har a Amurka suka ƙera mata guba mai siffar tana suna cusawa a ramin. Sai karnukansu su tone su haɗiye, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta kuwa da makari. Kun ga ashe ba mu kaɗai wannan mas'ala ta dama ba.

Kada wani ya ɗauka ina roƙa wa ɓera afuwa ne. Ko kusa. Gafiya na rarake gindin ginin ƙasa, damina ta zo ruwa ya bi ramin, katanga ta zauna. Ɓera na gwaguyar wayar lantarki a cikin silin, abin da ke iya tayar da gobara. Mafi muni kuwa shi ne cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, yana zubar da shi cikin fitsari da kashi a kan gari da hatsi da kwanon da aka bari a buɗe. Da rani zazzaɓin ya fi tashi, kuma a watan Janairun 2020 har likitoci ya kashe a nan Kano. Tun kafin wannan, annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta faɗa wa Ikko a 1924, ta yi shekaru tana kisa. Irin wannan tsoro ne ya sa hukuma a wancan zamani ta tsananta aikin duba-gari, waɗanda aka buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Dattawan Fagge suna tune da yadda ake rawar jiki a share gida, a rufe randa, idan aka ji duba-gari ya shigo layi. Korar ɓera wajibi ce. A kan hanyar korar kawai muke magana.

Kafin mu shiga kashi na biyu, bari in amsa wa wani mai sauraro, wanda na san yana cewa a ransa: Malam, kare ne fa, in ya mutu me aka rasa?

An rasa abu da yawa, ɗan'uwa. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, an yi izinin ajiye kare saboda kiwo da gona da farauta. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, bai so a ajiye shi cikin gidajen gari ba; amma masu sharhi sun ruwaito cewa mawallafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, sa'ad da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro ga kansa, ya ajiye kare, da aka yi masa magana sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Wanda ya kwana yana gadin sito a Singa, ko gareji a Sabon Gari, ya san abin da malamin ke nufi. Littafin nan kuma ya hukunta cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, biyan ƙimarsa na kansa. Mun kuma san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ɓera kuwa yana cikin dabbobin nan masu ɓarna da Shari'a ta halatta kashe su ko a cikin Harami, amma tare da umarnin kyautata kisa, ba tare da azabtarwa ba. Sa'an nan ga haƙƙin maƙwabtaka, wanda ba ya tambayar addinin maƙwabci ko ƙabilarsa. A gidan haya na Sabon Gari, inda Bahaushe da Inyamiri da Bayarabe ke shan famfo ɗaya, karen ɗaya daga cikinsu dukiyarsa ce, kuma sau da yawa shi ne maigadin gidan duka. Ƙullin guba na 'yan nairori ya isa ya ɓata zaman shekaru.

Yanzu kashi na biyu: guba.

Kun san mai tallar maganin ɓera, da busassun ɓeraye rataye a sanda, da lasifika a hannu. Ka tsayar da shi ka ce, Malam, mene ne a cikin ƙullin nan? Zai ce maka, Alhaji, sha yanzu magani yanzu ne, ko wari ba za ka ji ba. Ƙullin ba suna, ba takarda, ba lambar hukumar NAFDAC. Ranar da kare ko yaro ya ci, tambayar farko da likita zai yi ita ce wace iri ce, domin kowace guba da makarinta, wata ma ba ta da shi sam. Idan aka rasa amsa, sai ya koma lalube alhali lokaci na ƙurewa. Abin da muke kira shinkafar ɓera suna ne guda a kan abubuwa dabam-dabam. Bari in rarrabe muku su gwargwadon yadda suke kisa.

Akwai mai tsinka jini. Asalinta abin mamaki ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Masana a Jami'ar Wisconsin suka bi diddigi har suka gano sinadarin, daga gare shi aka ƙera warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948. Da ɓeraye suka fara jure masa, aka fito da waɗanda suka fi shi ƙarfi a shekarun 1970, irin su burodifakum, su ne yawancin ƙwayoyi da dunƙule masu launin shuɗi ko kore ko ja da ake sayarwa a kwali. Aikinsu shi ne hana jiki amfani da bitamin K, wanda da shi hanta ke haɗa abin da ke daskarar da jini. Makircin wannan guba jinkirinta. Kare zai ci yau, gobe ya yi haushi ya yi wasa kamar ba abin da ya faru, maigida ya ce ai ya sha da ƙyar. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 a ga ya kwanta, yana haki, dasashinsa ya yi fari fat, wani lokaci da haɓo ko jini a fitsari, wani lokaci kuwa jinin a ciki yake zuba, ido ba ya gani. Ku ji da kyau: lafiyar da kuka gani a rana ta farko ba shaida ba ce.

Akwai kuma baƙin gari mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wanda masana ke kira zinki fosfaid. Shi ba ya jinkiri. Da ya haɗu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi, sai ya saki wata iska mai guba da ake kira fosfin, cikin 'yan sa'o'i dabba ta shiga amai da ciwon ciki da shure-shure. Ba shi da makari. Iskar nan kuma tana fitowa tare da aman, har ta iya bugar mutumin da ya sunkuya a kan karen cikin rufaffen ɗaki. 'Yar'uwar wannan gari ita ce ƙwayar nan ta adana hatsi, irin su Phostoxin, da 'yan kasuwa ke sawa cikin buhunan wake da masara. Wasu sukan jefa ta a ramin gafiya su toshe baki, suna ganin dabara ce. Wannan ganganci ne mai girma, domin da ƙwayar ta ji danshi sai ta saki iskar nan, ramin kuwa, kamar yadda muka faɗa, ba ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma ba wanda ya san ko ɗaya ƙofar a ƙarƙashin gadon yara take. Kada a sa ƙwayar hatsi a rami kusa da ɗakin kwana. Ina maimaitawa, kada a sa ta.

Sai fiya-fiya da Sniper da danginsu masu sinadarin DDVP, waɗanda maganin ƙwari ne na gona, amma ake yayyafa su a kan kan kifi a ajiye wa ɓera. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensu a kasuwanni da kantuna, saboda yawan rayukan da suka ci. Karen da ya lasa za ka ga dalala na zuba, jiki na makyarkyata, ƙwayar ido ta tsuke, ga zawo. Wasu kuma kafson Indocid na ciwon gaɓɓai suke farkewa a cikin abinci. Ga kare, wannan gyambon ciki ne da lalacewar ƙoda.

To, ta ina gubar ke isa bakin kare, alhali maigida ya rantse ya ɓoye ta? Hanya ta fari a fili take: da me ake cuɗa gubar? Da kifi, da ƙuli-ƙuli, da sauran tuwo da miya, watau duk abin da kare ke so. Hanya ta biyu ita ce wadda na ce ku riƙe. Gafiya ba ta cika cin abu inda ta same shi ba. Cusawa take a kumatu ta yi gaba, ta zubar da wani a hanya, ta tara wani a rami. Kai ka ajiye a bayan buhu cikin sito, ka kulle ƙofa, hankalinka kwance. Ita kuwa ta fitar maka da shi ta rariya zuwa tsakar gida, ko ta ƙarƙashin katanga zuwa gidan maƙwabci, inda kaza za ta tsattsaga, kare ya tona, yaro ya tsinta. Wanda ya ba gafiya guba, ya ba ta ne ta raba. Hanya ta uku ita ce gawar. Ɓeran da ya ci guba yakan fito fili yana tangaɗi, kamunsa ba wuya, kyanwa ko kare ya cafke, ya haɗiye shi da abin da ke cikinsa. Shaho da mujiya ma, waɗanda ke rage mana ɓera kyauta, ta nan suke mutuwa. Guba ba ta zaɓen baki.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan korar gafiya da ɓera ba tare da an cuci kare ko yaro ba. Mun shiga kashi na uku, watau abin da ya kamata a yi. Abu uku ne, kuma a jere suke: yunwa, toshewa, tarko.

Yunwa ita ce gaba. Uwargida, hatsi da gari da shinkafa su koma cikin durom ko bokiti mai murfin da ke kamawa. Kwanukan dare a wanke su da dare. Shara ta shiga abu mai murfi, ta kuma bar gida kullum. Dusar awaki da hatsin kaji da na tantabaru a kwashe su kafin magariba. Ga kuma wadda masu kare suka fi mantawa da ita: kwanon karen kansa. Mutum zai juye masa sauran abinci da daddare, kare ya ci ya rage, ya tafi bakin ƙofa ya kwanta, gafiya ta zo ta ƙarasa. Ashe maigida da hannunsa yake kiwon abin da yake neman kashewa. A ba kare abinci da sauran haske, in ya ƙoshi a ɗauke kwanon a wanke.

Sai toshewa. Ƙaramin ɓera na wucewa ta kafar da fensir zai shiga, saboda haka a bi gida da ido. A sa ragar ƙarfe a bakin rariya, domin ita ce babbar ƙofarsu daga kwata. A buga falle na kwano a gindin ƙyauren katako. A liƙe inda bututun ruwa ya huda bango. A ɗaga itace da tsofaffin tayoyi da tarkace daga jikin katanga, buhuna kuma a ɗora su bisa katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Ramin gafiya kuwa, kafin a toshe shi, a cusa takarda a bakinsa da yamma. In da safe an ga an turo ta waje, mai gidan na ciki, sai a fara da tarko. In ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, a ɗura tsakuwa da fasassun duwatsu, a daddale, a shafe da siminti, domin ƙasa zalla a dare ɗaya za ta tone ta. Kada yaro ya zura hannu a ramin, maciji ma yakan ari ɗakin gafiya. Kada a zuba fetur a kunna, ga haɗarin gobara a gidajen da suke manne da juna, ga kuma hanin da aka yi mana na azabtar da mai rai da wuta. Ɗura ruwa kuma, a ginin ƙasa, taimaka wa gafiya ne wajen kayar da katangar.

Na uku tarko, kuma yana da ilminsa. Ɓera matsoracin sabon abu ne, shi ya sa mutum kan ɗana tarko dare ɗaya, ya ga bai kama ba, ya ce na banza ne. A ajiye shi dare 2 ko 3 da ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a kai, ba a ɗana ba, har su saba da ci. Sa'an nan a ɗana. A jikin bango ake sa shi, bakinsa na duban bangon, domin ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa fili. Tarko da yawa a dare ɗaya ya fi tarko ɗaya a dare da yawa. Gafiya ta fi ƙarfin ƙaramin tarko, sai babba wanda aka ɗaure da waya, ko na keji irin wanda maƙera da masu walda ke yi. Saboda kare da kaji kuwa, a kifa akwatin katako a kan tarkon, a huda masa kafa daidai shigar ɓera, a danne da bulo. A ɗaure kare a daren, ko a sa shi kejinsa. A ɗana bayan yara sun kwanta, a kwance da asuba. Allon gam ɗin nan da ake sayarwa ban ba da shawararsa ba: yana kama 'yan tsaki da ƙadangaru, ɓeran kuma ya kwana yana kuka yana fitsari a kai, ga azaba ga yaɗa cuta.

Abin da tarko ya kama, kada a taɓa shi da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a yayyafa masa ruwan Hypo ko Jik, a ƙulle cikin leda biyu, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabulu. Kada a jefa wa kare ko kyanwa, kada a wurga a titi ko a lambatu. Samarin da ke farautar gafiya don gashi su ma su yi hattara da jininta, domin ƙyandar biri da ta ɓulla a Amurka a 2003 ta bi ta kan irin waɗannan dabbobi ne da aka kai can daga Gana.

Gida ɗaya ba ya korar ɓeran layi. A gidan haya, mai gida da 'yan haya su zauna su sa rana ɗaya. A unguwa, mai unguwa da limami da shugabannin coci su yi magana da jama'arsu, a yi amfani da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsabtar muhalli a yashe kwata, a kuma matsa wa hukumar kwashe shara ta REMASAB ta ɗauke bolar da ta taru.

Idan duk an yi wannan abin ya faskara, kamar a babban sito, har lalura ta kai ga guba, to lalura da gwargwadonta ake ɗaukarta. A sayi mai kwali da suna da lambar NAFDAC, a adana kwalin. A zaɓi dunƙule mai huda, a zura masa waya a ɗaure cikin akwati mai kwaɗo, yadda gafiya ba za ta ɗauke shi ba, sai dai ta ci a nan. A ƙirga nawa aka sa, a ƙirga nawa aka kwashe. A sanar da kowane maƙwabci kafin a sa, ba bayan an sa ba. A zagaya kowace safiya a tsince gawa kafin a saki kare. Ragowar kuma kada a juye ta a kwalbar lemo ko gwangwanin madara.

Kashi na ƙarshe: kare ya riga ya ci, me za a yi?

Maigida, kada ka jira alama. Ka ɗauki karen, ka ɗauki kwalin ko ragowar ƙullin, ka nufi likitan dabbobi nan take, ko na gwamnati kamar asibitin dabbobi na Gwale, ko mai zaman kansa da ya fi kusa da kai. Sa'o'i 2 na farko su ne masu daraja, domin a cikinsu likita na iya sa shi amai, ya ba shi gawayin asibiti mai tsotse guba, wanda ba ɗaya yake da gawayin murhu ba. Na san abin da aka saba: a danne kare a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri. A bari. Manja ba makarin guba ba ne, kuma dabbar da ke makyarkyata in aka ɗura mata abu, huhu yake tafiya. Gishiri mai yawa shi kansa guba ne ga kare. Idan kuwa baƙin garin nan ne, abinci ko madara na ƙara tsamin ciki, iskar gubar ta ƙaru. In ya yi amai, a fitar da shi fili, a kawar da yara, a kore aman da ruwa mai yawa, kada a sunkuya a kai. A mota ko A Daidaita Sahu kuma a bar iska na shiga.

Gubar fiya-fiya tana da allura, aturofin, a hannun likita. Mai tsinka jini ma tana da makari, bitamin K1, amma ba na rana ɗaya ba ne: irin mai ƙarfin nan takan daɗe a hanta, sai an yi mako 3 zuwa 4 ana ba da magani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kare ya miƙe bayan kwana kaɗan a daina, jinin ya dawo. A cika kwanakin da likita ya yanka.

In kuwa yaro ne ya ci, ko ana zaton ya ci, hukuncin ɗaya ne, gaggawar ta fi: ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da kwalin zuwa Asibitin Murtala ko asibiti mafi kusa, ko da yana wasa yana dariya. Wanda kuma zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, a gidan da ɓera ya yi yawa, ya gaya wa likita batun ɓeran da bakinsa.

Jama'ar Fagge da Sabon Gari, roƙona gare ku a daren yau abu biyu ne. Duk mai ƙullin shinkafar ɓera a kan taga ko a ƙarƙashin gado, ya tashi yanzu ya ɗauke shi, ya kulle inda hannun yaro da hancin kare ba sa kaiwa. Duk mai kare kuma ya nemi lambar wayar likitan dabbobi, ya rubuta a jikin bango kusa da ƙofa, yadda maigadi da uwargida za su gani ko ba ya nan.